Bashin Girka: yadda giɓin kasafin gwamnati ya koma kan aljihun iyalai

Girka ƙasa ce mai mutane kimanin miliyan 10 da rabi a kudu maso gabashin Turai, kuma tana cikin ƙasashen da ke amfani da kuɗin yuro. Tsakanin 2010 da 2018 ta karɓi rancen kusan yuro biliyan 289 daga takwarorinta na Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, domin kada ta gaza biyan masu bin ta bashi. A tsawon rikicin, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, irin raguwar da ba a saba gani ba a ƙasar da ba yaƙi ake yi a cikinta ba. Masu nazarin kuɗin gwamnati suna yawan komawa ga wannan lamari, domin ya nuna abin da kan faru idan aka nemi daidaita lissafin baitulmali ta hanyar rage abin da magidanta ke iya kashewa, a ƙasar da cefanen gidaje shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na hada-hadar tattalin arziki.

Ƙa'idojin da aka shimfiɗa

Giɓin kasafi shi ne tazarar da ke tsakanin abin da gwamnati ta kashe da abin da ta tara a shekara guda. Bashi kuwa shi ne tarin waɗannan giɓoɓi na shekara da shekaru. Ana auna dukkansu da jimillar arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, wanda masana ke kira GDP. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992, wadda ta share fagen samar da yuro, ta ce giɓin kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na wannan arziki, bashi kuma kada ya wuce kashi 60. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta Najeriya ta 2007 ita ma kashi 3 ɗin ta ɗauka a matsayin iyakar giɓi. Yarjejeniyar ta kuma tanadi cewa babu ƙasar da za a ɗora wa biyan bashin wata. Sai dai tun da wuri aka ga cewa ƙa'idar ba ta da haƙora: a 2003 Jamus da Faransa sun ƙetare iyakar kashi 3, ministocin kuɗi kuma suka ƙi hukunta su.

Girka ta shiga yuro a ranar 1 ga Janairun 2001, ta bar tsohon kuɗinta dirakma. A 2004 aka gano cewa alƙaluman giɓin da ta gabatar kafin shigarta sun yi ƙasa da na gaskiya, amma ba a ɗauki wani ƙwaƙƙwaran mataki ba. Shiga yuro ya sa kuɗin ruwan da gwamnatin ke biya ya sauko har ya kusa daidai da na Jamus, domin masu ba da rance sun ɗauka cewa duk wanda ke cikin kuɗi ɗaya haɗarinsa ɗaya ne. Gwamnati ta ƙara ma'aikata, ta ƙara albashi da fansho, ta kashe kuɗi mai yawa kan makamai da kan wasannin Olamfik na Atina na 2004. Iyalai ma suka ci bashin banki na sayen gida da mota. Tattalin arziki ya riƙa bunƙasa da kusan kashi 4 a shekara har zuwa 2007, amma bunƙasar ta saye ce, ba ta ƙerawa da fitarwa ba. Ta fuskar kuɗin shiga kuma, masu sana'ar kansu suna da yawa ƙwarai a ƙasar, daga likitoci da lauyoyi zuwa masu shaguna, kuma da yawa daga cikinsu ba sa bayyana hakikanin abin da suke samu. Nauyin haraji sai ya fi faɗawa kan masu albashi da 'yan fansho, waɗanda ake cire nasu tun kafin kuɗin ya iso hannunsu.

A Oktoban 2009 sabuwar gwamnatin George Papandreou ta sanar cewa giɓin shekarar zai haura kashi 12, ninki biyu na abin da gwamnatin da ta gabace ta ta faɗa. Daga baya hukumar ƙididdiga ta Turai ta kai shi sama da kashi 15. Masu ba da rance suka janye. A Mayun 2010 aka amince da rancen ceto na farko, yuro biliyan 110, ƙarƙashin sa idon hukumomi uku da aka fi sani da Troika: Hukumar Tarayyar Turai, Babban Bankin Turai da IMF. Na biyu, na yuro biliyan 130, ya zo a 2012, tare da rage kashi 53.5 na darajar takardun lamunin da ke hannun bankuna da sauran 'yan kasuwa.

Inda wuƙar ta sauka

Ana sakin kuɗin ne kashi-kashi, kuma kafin kowane kashi sai jami'an Troika sun je Atina sun duba ko an cika sharuɗɗa. Sharuɗɗan kuwa kusan dukkansu sun shafi gida kai tsaye.

Bisa al'adar ƙasar, ma'aikaci yana karɓar albashin wata 14 a shekara: ƙarin wata guda a lokacin Kirsimeti, rabin wata a Ista, rabin wata kuma na hutun bazara. Da waɗannan ƙari ne iyalai ke ɗinke manyan buƙatu, shaguna kuma a kansu suke gina cinikin shekara. An zabge su ga ma'aikatan gwamnati da 'yan fansho a 2010, aka soke su gaba ɗaya daga 2013. An rage fansho sau da dama, aka ɗaga shekarun ritaya zuwa 67. A Fabrairun 2012 aka rage mafi ƙarancin albashi da kashi 22, daga yuro 751 zuwa 586 a wata, na 'yan ƙasa da shekara 25 kuma da kashi 32. Harajin VAT, wanda yake kashi 19 a farkon 2010, ya kai 23 kafin shekarar ta ƙare, sannan 24 a 2016.

Harajin da ya fi tsaya wa jama'a a rai shi ne na gidaje, wanda aka ƙirƙiro a Satumban 2011. Da yake gwamnati ba ta amince ofisoshin harajinta za su iya tattara shi ba, sai ta haɗa shi da takardar kuɗin lantarki, da barazanar yanke wuta ga wanda bai biya ba. Mafi yawan Girkawa a gidajen kansu suke zaune, don haka harajin ya taɓa har wanda ya gaji gida amma ba shi da aikin yi. Mutane suka laƙaba masa suna haratsi, sunan harajin da daular Usmaniyya ta Turkawa ta riƙa karɓa a hannun kakanninsu. Kalmar daga Larabci ta fito, tushenta ɗaya da haraji na Hausa. A 2012 kotun ƙoli mai kula da harkokin mulki ta yanke hukuncin cewa yanke wuta saboda wannan haraji ya saɓa wa tsarin mulki, amma harajin kansa ya zauna, daga 2014 kuma ya koma na dindindin da sabon suna.

A kakar 2012 aka ɗaga harajin man ɗumama ɗaki domin ya yi daidai da na man gas na motoci. Manufar ita ce a hana masu sayar da na ɗumama a matsayin na mota, a kuma ƙara kuɗin shiga. Abin da ya faru shi ne mazauna benaye da dama suka daina sayen man, suka koma ƙona itace da tarkacen katako. A hunturun wannan shekara hayaƙi ya riƙa lulluɓe Atina da Tasalonika da dare, cinikin man kuma ya faɗi warwas.

Rashin aiki ya haura kashi 27 a 2013, tsakanin matasa kuma ya kusa kashi 60. Tallafin marasa aiki, wanda aka rage zuwa yuro 360 a wata, ba ya wuce shekara guda, kuma ƙasar ba ta da tsarin tallafin mafi ƙarancin abin rayuwa na bai-ɗaya sai a 2017. Da yake inshorar lafiya a haɗe take da aiki, wanda ya daɗe ba aiki yakan rasa ta, har sai da wata doka ta 2016 ta buɗe asibitocin gwamnati ga marasa inshora. Abin da ya riƙe al'umma a wannan tsakani shi ne zumunci. 'Ya'yan da suka rasa aiki suka koma gidan iyaye da nasu iyalan, fanshon kaka ɗaya ya zama abin da ke ciyar da zuri'a uku. Shi ya sa duk ragin da aka yi wa fansho bai tsaya kan tsofaffi kaɗai ba, ko da yake gaskiya ne kuɗin da Girka ke kashewa kan fansho yana cikin mafi yawa a Turai idan aka auna da arzikinta.

Lissafin da bai fita ba

Masu ba da rancen ba su ɓoye cewa tsuke bakin aljihu zai rage tattalin arziki ba. Kuskuren yana wajen yawan raguwar. An yi hasashen cewa duk yuro ɗaya da gwamnati ta rage, tattalin arziki zai yi asarar kimanin rabin yuro. Amma kuɗin da gwamnati ta hana malamin makaranta shi ne cinikin mahauci da na makaniki. Idan cinikinsu ya ragu sukan sallami yaran shago, su biya haraji kaɗan, su kasa biyan bashin banki, bankin kuma ya daina bai wa kowa rance. A lokacin da aka saba, babban banki yakan rage kuɗin ruwa, ko maƙwabta su sayi kayan ƙasar, raɗaɗin ya ragu. A wancan lokaci kuwa maƙwabtan su ma suna tsuke nasu aljihun. A Oktoban 2012 IMF ta bayyana cewa asarar gaskiya a ƙasashe masu arziki a shekarun rikicin tana tsakanin 0.9 da 1.7 na kowane yuro, kuma babban masanin tattalin arzikinta, Olivier Blanchard, tare da Daniel Leigh, suka faɗaɗa bayanin a Janairun 2013. A Yunin wannan shekara asusun ya fitar da bitar shirin farko, inda ya nuna cewa an yi hasashen raguwar kashi 5.5 tsakanin 2009 da 2012, amma aka samu kashi 17, an yi hasashen rashin aiki na kashi 15, aka samu 25.

Da yake ana auna bashi da girman tattalin arziki, idan tattalin arzikin ya ƙanƙance nauyin bashin yakan ƙaru ko da ba a ciyo sabo ba. Bashin Girka ya tashi daga kusan kashi 127 a 2009 zuwa kusan kashi 180 a tsakiyar shekarun 2010, duk da ragin 2012 da duk wahalar da aka sha.

Wata ƙasa mai kuɗin kanta da ta karya darajarsa, kayanta su yi araha a waje, baƙi masu yawon buɗe ido su ƙaru, raɗaɗin kuma ya bazu kan kowa ta hanyar tsadar kayan da ake shigowa da su. Girka ba ta da wannan zaɓi, kamar yadda ƙasa irin Nijar ba ta iya sauya darajar sefa ita kaɗai. Abin da ya rage mata shi ne ta rage albashi da farashi a cikin gida har sai kayanta sun iya gogayya. Albashi ya sauka da sauri, farashin kaya a kasuwa kuwa bai bi shi da wannan saurin ba, bashin gida da na mota kuma suna nan yadda aka ci su. Zuwa 2016 kusan rabin rancen da bankunan ƙasar suka bayar ba a biyansa.

Ba za a ce Girka tana da hanya mai sauƙi ba. Gwamnatin da ke kashe abin da ya zarce kuɗin shigarta da kashi 15 na arzikin ƙasa, kuma babu mai ba ta rance, dole ta rage kashe kuɗi ko da Troika ko babu. Inda suka ya fi ƙarfi shi ne jinkirin shekara biyu kafin a rage bashin. A wannan tsakani bankunan Faransa da na Jamus da sauransu suka samu damar karɓar kuɗinsu ko sayar da takardunsu, bashin ya tashi daga hannun 'yan kasuwa ya koma hannun gwamnatocin Turai, wato masu biyan haraji a waɗannan ƙasashe. Kaso mafi tsoka na kuɗin ceton ya tafi wajen biyan tsofaffin basussuka da kuɗin ruwa da farfaɗo da bankuna. Ailan da Fotugal su ma sun karɓi ceto a 2010 da 2011, amma sun fita a 2013 da 2014: ta farkon tana da kamfanoni masu fitar da kaya da yawa, kuma dukkansu sun fi Girka iya tattara haraji.

Makonnin 2015

A Janairun 2015 jam'iyyar Syriza ta Alexis Tsipras ta ci zaɓe da alƙawarin kawo ƙarshen tsuke bakin aljihu. Tattaunawar da ministan kuɗinta Yanis Varoufakis ya jagoranta ta cije, jama'a kuma suka riƙa kwashe ajiyarsu daga bankuna don tsoron komawa dirakma. A ƙarshen Yuni aka rufe bankuna, aka ƙayyade yuro 60 a rana ga mai cire kuɗi a na'urar ATM. Tsofaffin da ba su da kati suka yi layi a ƙofar rassa domin karɓar yuro 120 na mako. A ranar 30 ga Yuni Girka ta kasa biyan IMF kimanin yuro biliyan ɗaya da rabi, ta zama ta farko cikin ƙasashe masu ci gaba da ta yi haka. A ƙuri'ar raba gardama ta 5 ga Yuli kashi 61 suka ƙi sharuɗɗan masu ba da rance. Ministan kuɗin Jamus Wolfgang Schäuble ya kawo shawarar Girka ta fita daga yuro na wucin gadi. Kwana takwas bayan ƙuri'ar, Tsipras ya amince da shiri na uku na har yuro biliyan 86, da sharuɗɗan da ba su fi waɗanda aka ƙi sauƙi ba, ciki har da ƙarin VAT a gidajen abinci da janye rangwamen da tsibirai ke samu.

Ƙayyade tsabar kuɗi ya haifar da abin da ba a shirya ba. Mutanen da suka saba ciniki da tsaba suka koma biya da kati, ciniki ya fara barin sawu, harajin VAT da ake tarawa ya ƙaru. Gwamnatocin da suka biyo baya sun ɗora a kan wannan: an kafa hukumar tattara kuɗin shiga mai cin gashin kanta a 2017, aka tilasta wa masu sana'a ajiye na'urar karɓar kati, daga baya aka haɗa na'urorin da rajistar haraji ta intanet.

Bayan fita daga shirin

Shirin na uku ya ƙare a ranar 20 ga Agustan 2018, aka ɗage sauran ƙayyade kuɗi a Satumban 2019, watanni biyu bayan Kyriakos Mitsotakis ya hau mulki. Annobar korona ta kai bashin sama da kashi 200 a 2020, amma a wannan karo Turai ta bi wata hanya dabam: ta jingine ƙa'idojin giɓi, ta ciyo bashi da sunan Tarayyar baki ɗaya, Girka kuma aka ware mata kimanin yuro biliyan 36 na tallafi da rance. A 2022 ta gama biyan IMF tun kafin wa'adi, a 2023 manyan kamfanonin auna haɗarin bashi suka fara mayar da ita sahun ƙasashen da ake iya zuba wa jari. A 2024 kasafinta ya yi rara, bashin ya sauko zuwa kusan kashi 154, ko da yake har lokacin shi ne mafi nauyi a Tarayyar. Hauhawar farashin 2022 ta taimaka wajen wannan sauka, domin takan kumbura arzikin ƙasa a lissafi ba tare da ta taɓa tsohon bashi ba.

Gyaran lissafin baitulmali bai iso gidaje da wannan saurin ba. Rashin aiki ya sauko zuwa kusan kashi 10 a 2024, mafi ƙarancin albashi kuma ya kai yuro 880 a 2025, amma sai a 2023 ya wuce matsayinsa na kafin 2012, bayan farashi ya riga ya yi nisa. A ma'aunin ƙarfin saye na kowane mutum, Girka tana cikin ƙasashen da ke can ƙasa a Tarayyar a 2024. Ita ce kuma kan gaba wajen yawan mutanen da ke kashe fiye da kashi 40 na kuɗin shigarsu kan muhalli. Gine-gine sun tsaya cak na kusan shekara goma, gidaje da yawa a Atina da tsibirai sun koma masaukin baƙi na ɗan lokaci ta Airbnb, shirin bai wa baƙi izinin zama idan sun sayi gida, wanda aka fara a 2013, shi ma ya ƙara wa farashi wuta.

Asarar da ta fi wuyar maidowa ita ce ta jari da ta mutane. Abin da ake zubawa a gine-gine, injuna da hanyoyi ya ragu da fiye da rabi a shekarun rikicin, domin aikin raya ƙasa shi ne mafi sauƙin jinginewa a kasafi. An sayar da wasu kadarori: kamfanin Cosco na Sin ya sayi kaso mafi rinjaye na tashar jiragen ruwa ta Piraeus a 2016, kamfanin Fraport na Jamus kuma ya karɓi tafiyar da filayen jiragen sama 14 a 2017. Ɗaruruwan dubban matasa, cikinsu har da likitoci da injiniyoyi da aka horar da kuɗin gwamnati, suka tafi Jamus, Birtaniya da wasu wurare, ƙidayar 2021 kuma ta nuna raguwar al'umma idan aka kwatanta da ta 2011. Yawon buɗe ido, mai kawo baƙi sama da miliyan 30 a shekara, shi ke ɗauke da kaso mai yawa na farfaɗowar, amma ayyukansa na kaka ne, albashinsu kuma ba shi da yawa.

A 2024 Tarayyar Turai ta sabunta ƙa'idojinta. Iyakar kashi 3 da ta 60 suna nan, amma yanzu kowace ƙasa mai nauyin bashi tana tsara rage shi cikin shekara huɗu, ko bakwai idan ta ɗauki alƙawarin gyare-gyare da zuba jari. Jamus kanta, wadda ta sa iyakar cin bashi a tsarin mulkinta a 2009, ta sassauta shi a Maris na 2025 domin tsaro da asusun ayyukan raya ƙasa na yuro biliyan 500. Ita kuwa Girka, mafi yawan bashinta yana hannun hukumomin Turai da kuɗin ruwa mai sauƙi, biyan wani ɓangarensa zai kai har 2070, kuma gwamnati ta ce tana son gama biyan rancen farko na 2010 zuwa 2031, shekara goma kafin wa'adinsa. Zuwa ƙarshen 2024 tattalin arzikin ƙasar bai koma girmansa na 2008 ba.